Neman Yaya Isuhu a Kufan Rumawa

Tun da na dawo daga Tarabulus ban sha fura cikin kwanciyar hankali ba. In na zauna a kasuwar Birnin Lalle, kafin ludayi ya kai baki wani ya dafa ni: "Tanko, wai da gaske ruwan nan ba shi da ƙetare?" In na je gaisuwar mutuwa Korahane, sai a bar masu makoki a kewaye ni. Har wani Bafillace daga Azagor ya taɓa tsare ni a bakin rijiyar Dakoro yana tambaya ko shanu suna shan ruwan. Na gaji da ba da labari guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara gishiri, har na ji ana cewa wai na hau kifi. To ga shi daga tushe, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Ni manomi ne, ba fatauci ya fitar da ni ba. Yayana na tafi nema. Mu biyar Inna ta haifa: Isuhu ne na fari, sai mata uku, sai ni. Kun san kunyar ɗan fari, amma ta Inna ta wuce ta kowa, don uwarta Bafillata ce. Ana yaye shi aka kai shi wurin kaka. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallonsa ido da ido, "wancan" kawai take ce masa. Ko ɗan maƙwabta mai irin sunansa ba ta kira. Bayan rasuwar babanmu ya shiga ayarin arewa yana jan raƙuma. Ranar da zai tafi ya zo ya durƙusa a bayanta tana sussuka, ya ce zai tafi. Ba ta juyo ba. Ta ce da turmi, "Allah shi kiyaye hanya." Ina yaro lokacin, amma na ga yadda ya daɗe a durƙushe kafin ya miƙe.

Shekaru sun fi goma babu shi babu labarinsa, sai wani baƙo ya ce ya ga mai irin zanen fuskarmu a bakin teku, ana ce masa Yusufu Bagobiri. A lokacin farar yana ta fara rufe idon Inna. Ta kira ni ɗakinta.

"Tanko, ka ji abin da baƙon nan ya hwaɗi?"

"Na ji, Inna."

"Idona shina rihewa. Ka tahi ka ce ma wancan, in shina so in gan shi, yanzu ne."

Shi ke nan saƙon. Da shi na tafi.

Na shiga ayarin Agali, wani madugu Ba'abzine da ke sayen gashin jimina wurin mahalban Tarka yana haɗawa da jar fata. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Bahaushe, ka taɓa jan raƙumi?" Na ce abin da ya yi jaki ai shi ya yi raƙumi. Sai ya ba ni wata taguwa mai ido ɗaya. Ran farko da na hau ta, na ɗauka gaba za ta fara miƙewa, na jingina baya, sai ta tashi ta baya ta tura ni kan wuyanta, kafin in gyara ta ɗaga gaba ta watsar da ni cikin ƙaya. Agali ya zo ya tsaya a kaina, ya ce, "Yaya jakin?" Har muka kai teku da wannan suna yake kirana, Mai Jaki.

Daga Agadas muka shiga duwatsun Abzin, takalmana suka ƙare, aka ɗinka mini wasu da fatar raƙumin da ya mutu. Abincin hanya gurasa ce da ake binnewa cikin rairayi mai zafi, a tono a kakkaɓe a gutsuttsura cikin man shanu. Kowace loma sai haƙori ya yi ƙaras. Na yi ƙorafi sau ɗaya, Agali ya ce yashin ne ke riƙe ciki. Ban sake ba. Bayan Abzin akwai wani fili da ba ciyawa ba tsuntsu, ruwan salka ya koma ɗanɗanon jima, ana ba mutum kamar magani. A nan na daina zolaya. Na riƙa tunanin yayana ya bi ta nan yana saurayi, ba shi da kowa a ayarin, kuma abin da ya ɗauko daga gida shi ne bayan Inna.

Gat nan ne bakin ƙasar Turkawa. Askarawansu suna sanye da jar hula da wando matsattse, har na tausaya musu wajen durƙusawa. Suka ce sai an kwance kaya sun gani. Agali ya roƙe su a shiga cikin soro, babbansu ya ƙi, ya sa wuƙa ya farke ƙunshi ɗaya a fili. Iska kuwa kamar jira take. Gashin jimina ya tashi sama, baƙi da fari, sai ga mu duka, mu da askarawan da ƴan kasuwa, muna tsalle muna cafke. Babban nasu da kansa ya bi wani farin gashi har cikin garken awaki. Da ya dawo yana haki bai buɗe sauran kayan ba, ya ɗaga hannu muka wuce.

Gadamas kuwa gari ne da aka rufe wa hanyoyi da rufi, mutum yana tafiya da rana tsaka kamar cikin rumbu. Maza suna bi ta ƙasa, mata suna bi ta kan soraye, can suke kasuwarsu. Na ce da Agali, da a garinmu ne da an huta da gulmar bakin rijiya. Ya ce gulmar tana nan, daga sama take zubowa. Bayan nan muka hau wasu tuddai masu itatuwan zaitun, na fara ganin manyan duwatsu sassaƙaƙƙu a tsaye bibbiyu, an ɗora ɗaya a kansu, kamar ƙofa ba gida. Agali ya ce wurin matsar man zaitun ne na Rumawa, mutanen da suka mallaki ƙasar tun kafin zuwan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ban sa abin a rai ba, don iska ta fara kawo wani wari kamar na jiƙaƙƙiyar kanwa.

Kuna tambayata me na ji da na ga teku. Haushi na ji. Ku kun san rijiyarmu: sa yana jan igiya har ya yi nisan da sai an yi masa ihu kafin guga ta fito. Mata suna kwana a bakinta. Ga shi nan kuma an zubar da ruwa tun daga ƙafata har inda sama ta ƙare, yana ta kai da kawowa ba mai ɗiba. Na tuɓe takalma na ruga na cika tafin hannu na kurɓa. Agali yana kallona, bai hana ni ba, ashe abin da yake jira ke nan tun daga Tarka. Na tofar, na yi ta kakari, na juyo in zage shi, sai igiyar ruwa ta zo ta bayana ta ɗauke takalmi ɗaya. Da ƙafa ɗaya a takalmi na shiga Tarabulus.

Muka sauka a wani masaukin fatake, raƙuma a tsakar gida, mutane a ɗakunan sama tare da kuɗin cizo. Aka kawo mana bazin, tuwon sha'ir ne mai tauri da aka kafa a tsakiyar akushi aka kewaye shi da miya ja da man zaitun. Na yi murna na ga ɗan uwan tuwo, na kai hannu in yanka, ya ƙi. Sai an murje shi da yatsu cikin miya. Kusa da bakin ruwa akwai wata babbar ƙofa ta farin dutse, ta Rumawa, ƙasa ta cinye ta har ƙugu, an zana dawakai masu fukafukai a jikinta. Wani mutum ya toshe ta ya mayar da ita shagon sayar da igiya da busasshen kifi.

Na yi ta yawo ina tambayar Yusufu Bagobiri da Larabcina na allo, ana yi mini dariya. Daga baya aka nuna mini wata unguwar bukkoki a bayan ganuwa, inda baƙaƙen mutane suke zaune, yawancinsu bayi ne da aka ƴanta. Ina shiga na ji ƙanshin ƙosai. Wata tsohuwa ce ke toyawa, ana ce mata Iya Hassu. Na yi mata sallama da Hausa, ta saki matsami cikin mai.

"Ɗan nan, daga ina?"

"Daga wajen Birnin Lalle, Iya."

"Ka san Gidan Ƙaura? Akwai tsamiya biyu bakin gari, da marina."

An kamo ta tana ƴar yarinya, sunan garin da tsamiyoyin nan kaɗai ta riƙe. Ban san garin ba, na gaya mata gaskiya. Ta ce ba komai, kowa ta tambaya haka yake cewa. Ta cika mini ganye da ƙosai ta hana ni ko taɓa aljihu, sannan ta ce ta san yayana. Ya bar jan raƙuma tuntuni, yana gabas a wani gari Hums, kusa da kufan da ake kira Labda, ya yi aure cikin masunta.

Na bi masu jakuna ta bakin ruwa har can. Aikin garin wata ciyawa ce, halfa, da ake ɗaurewa dami-dami ana loda wa jiragen Nasara. Jiragen ba sa iya matsowa, sai mutane su ɗauki dami a ka su shiga ruwa har ƙirji su kai wa ƙananan kwale-kwale. Cikin masu fitowa daga ruwa na ga wani yana jefa ƙafar hagu waje kamar babanmu. Furfura ta fito masa a gemu. Na ce, "Yaya." Ya wuce ni. Na ce, "Yaya Isuhu, Tanko ne." Ya tsaya, ya juyo, ya duba zanen fuskata. Sai ya zauna a ƙasa cikin jiƙaƙƙen yashi ya rufe fuska da hannu biyu. Da ya buɗe baki Hausarsa ta yi tsatsa, yana laluben kalma.

"Tana da rai?"

"Tana da rai."

Bai sake tambayar komai a kanta ba ranar nan.

Gidansa a jikin wani tsohon bangon Rumawa yake, ya yi masa rufi da ganyen dabino. Matarsa Mabruka ƴar masunta ce, doguwa mai yawan dariya, da tsohon ciki. Suna da ɗa, Bilal, shi ne na fari, da ƴa mace ƙarama da yayana ke kira Uwani. Mabruka ta karɓe ni hannu biyu, ta dafa mini wata halitta mai hannuwa takwas da suke kira ƙarnit. Na dubi halittar, ta dube ni. Na ce ina azumin nafila. Mabruka ta gane, ta yi dariya har da hawaye, ta kawo mini gurasa da zaitun.

Abu biyu suka dame ni a gidan. Na farko, yadda take yi da Bilal. Tana tsayawa a bakin ruwa ta kwaɗa masa kira da sunansa gari duka na ji, in ya zo ta rungume shi ta sumbaci kansa a gaban baƙi. Su kuma maƙwabta ba sa kiranta Mabruka, sai Ummu Bilal, wato da sunan ɗan farin ake kiran uwar, kuma girmamawa ce. Ni kunya ta riƙa kama ni a madadinta, ina sunkuyar da kai. Na biyu, ran da ta kira ƴar da sunanta na yanka, gabana ya faɗi. Sunan Inna ne, wanda ni ma ba zan faɗa muku shi a nan ba.

Daɓen ɗakinsu ma abin kallo ne. Da Mabruka ta share yashi sai ga ƙananan duwatsu masu launi, kowane bai fi ƙwayar masara ba, an jera su sun zama hoto. Ga teku, ga kwale-kwale da mutum biyu suna jan taru, ga wani tsoho a kan dutse da ƙugiya yana cire ƙaya a ƙafa, ga kifaye iri-iri har da mai hannu takwas ɗin nan. Yayana ya ce gidan hutawar wani attajirin Rumawa ne, irinsu suna nan jere a bakin ruwa ƙarƙashin yashi. In zai yi salla sai ya shimfiɗa tabarma ya rufe mutanen. Na daɗe ina kallon tsohon nan mai ƙaya, don yadda ya murtuke fuska haka kawunmu yake yi.

Na isar da saƙon Inna tun kwana na biyu. Ya ce ya ji. Kullum na tayar da maganar sai ya ce jirgi ya zo, ko taru ya yage. Ran wata Juma'a bayan salla ya ce in zo ya nuna mini Labda. Muka tafi da wani abokinsa, tsoho Salbu, Banasare daga tsibirin Malta da ke auna halfa. Harshensu kusan Larabci ne, kuma ya iya karanta rubutun Rumawa don da shi suke ibada.

Na ga kufai a ƙasarmu, tsohuwar marina da tukwane fasassu, shekara kaɗan ciyawa ta shafe. Wannan kufai ya ƙi mutuwa. Yashi ya binne gari guda, amma kawunan ginshiƙai suna leƙowa ko'ina, wasu jajaye, wasu kore-kore. Na yi tuntuɓe da wata mace ta farin dutse ba kai, rigarta har da lanƙwasa, na ja da baya ina a'uziyya, na ɗauka mutanen da Allah ya mayar dutse ne. Salbu ya ce sassaƙa ce kawai. A bakin ruwa wasu ginshiƙai suna kwance, kowane kaurinsa kamar kuka, sai an haɗa mutum biyu kafin a rungume shi. Wai Nasara ne suka jawo su za su kai ƙasarsu, suka gagare su, aka bar su nan ruwa na dukansu.

Sannan Salbu ya kai mu wani fili mai kama da fadama, an shuka sha'ir da ɓaure, an kewaye shi da matakalan dutse. Ya ce nan ne matsayar jiragensu. Ya nuna mana duwatsu masu huda da ake ɗaure jirgi, suna nan a jere kamar turakun dawaki, da gindin wata hasumiya da ake hura wuta a kanta don jirage su gane hanya. Daga nan ake loda man zaitun da alkama zuwa birnin Rum, da hauren giwa, da zakoki da jiminu masu rai don wasanninsu. Har ɗaya daga cikin manyan sarakunansu a garin aka haife shi, shi ya ƙawata wurin. Daga baya yashi ya cika matsayar, jirage suka daina zuwa. Na ce ashe tun zamanin nan ake wahalar da jimina a hanyar da na biyo. Wani jaki yana kiwo daidai inda Salbu ya ce manyan jirage ke tsayawa.

Ba wannan yayana ya kawo ni gani ba. Ya ja mu bayan gari wajen kaburburansu, ya durƙusa gaban wani ɗan dutse da bai kai ƙugu ba, ya share yashi da hannu kamar wanda ya saba. An zana ƙaramin jirgi a sama, rubutu a ƙasa. Ya ce da Salbu ya karanta mini. Salbu ya ce babu gawa a ƙarƙashi. Wata mace ce ta sa aka kafa shi don ɗanta, matuƙin jirgi, da ya fita teku bai dawo ba. Ta sa an rubuta sunansa, da shekarunsa, da cewa shi ne ɗanta na fari. Ya faɗi sunan, harshena bai iya riƙe shi ba, amma yayana ya maimaita shi daidai. Salbu ya ga fuskokinmu, ya ce zai je ya duba jakinsa.

"Ka gani, Tanko? Garinsu ya mutu, sarkinsu ya mutu, addininsu ma babu mai yi. Amma sunan yaron ga shi nan, uwa tai ta sa shi bisa dutse don kowa shi ji." Ya dube ni. "Da ta aiko ka, mi ta ce? Hwaɗa mini yadda ta hwaɗe shi."

Wallahi na so in yi ƙarya. Kalma ɗaya ce, kuma babu mai tona ni. Amma ya san ta, ya san ni.

"Ta ce in ce ma wancan."

Ya yi murmushi irin wanda ya fi kuka ciwo.

"Yaya, ka san al'ada. Kunya ce, ba ƙiyayya ba."

"Na sani. Wa ya hi ni sani? Amma ina cikin hamada ƙishirwa ta kusa kashe ni, na so in tuna muryatta tana kirana, ban samu ba, don babu. Kai kana da shi, Tanko. Kullum tana kiranka. Ni ban san yadda sunana yake a bakinta ba."

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, don ina ganin tsohuwar can tana laluben ƙofa. Can na ce, "To ɗiyarka fa? Mi ya sa kake ce mata Uwani? Tun da na zo ban ji ka kira ta da sunanta ba."

"Sunan Inna ne. Ƙaƙa zan kama sunan Inna da bakina?"

"Don ba ka son ta?"

Ya juya yana kallon ruwa, hawaye na bin zanen fuskarsa suna shiga gemu. Muna nan har Salbu ya dawo ya ce rana tana faɗuwa.

Da ma a ce daga nan ya ɗaura kaya muka taho. Bai yiwu ba. Mabruka ta kusa haihuwa, uwarta ta rasu, ba ta da kowa sai shi, kuma ba mai shiga hamada da jariri. Agali ya aiko cewa ayari zai juya, in na rasa shi sai wata shekara, idon Inna kuwa ba ya jira. Yayana ya ce in tafi, in Mabruka ta sauka lafiya yaron ya yi ƙwari zai biyo ayari na gaba. Ban sani ba ko har zuciyarsa ya faɗa, ina jin shi ma bai sani ba. Ya raka ni har Tarabulus, ya saya mini takalma, ya ba ni bargo da tulun man zaitun in kai mata. Da za mu rabu ya ce, "Ka ce mata wancan shina gaishe ta."

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Taguwa mai ido ɗaya ta mutu kafin Abzin, na yi mamakin yadda abin ya taɓa ni. Mun iso ana girbin gero.

Labari ya riga ni isa gida cewa ayarin arewa ya sauka. Da na shigo, tsakar gidanmu cike take da mutane, ƴan'uwana mata da maƙwabta da dattawan unguwa. Inna tana zaune bakin ƙofar ɗakinta a kan tabarma. Idon ya rufe gaba ɗaya, fari fat. Mutane suka buɗa mini hanya, aka yi shiru, sai ƙarar takalmana. Ta ɗaga kai tana saurare. Takalman Tarabulus ne, ba ta san ƙararsu ba. Ta miƙo hannu biyu, ta ce da ƙarfi, kowa na ji:

"Isuhu?"

Babbar yayata ta dafe baki. Wata tsohuwa ta ce, "La'ilaha illallahu." Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a muryar nan ba, kuma ba ni aka yi wa shi ba. Na durƙusa na sa kaina cikin hannuwanta.

"Ni ne, Inna. Tanko ne."

Ta shafa fuskata, ta shafa bayana, ta miƙa hannu ta laluba iskar da ke bayana ko akwai wani. Sannan ta ja mayafi ta rufe bakinta. Ta ce a kawo mini ruwa.

Bayan mutane sun watse na gaya mata komai, matarsa, da Bilal, da ƴar da aka sa wa sunanta, da alkawarin ayari na gaba. Ta saurara tana murza bakin bargon. Abin da ta tambaya kawai shi ne, "Wancan, shina cin abinci?" Har yau ba ta sake faɗin sunan ba.

Da Agali zai koma arewa na bi shi har bayan gari. Ya ce, "Mai Jaki, ko za ka sake?" Na ce a'a, saƙo ne, kuma ba na so ya ba kowa sai shi da bakinsa.

"Ka tahi Hums ka samu yayana. Ka ce mishi ta kira shi. Da sunanshi, gaban mutane, da ƙarhi. Ka ce mishi ni na amsa, kuma kada shi bari in sake amsa mishi."